Audugar da Ta Tsare Littattafai: Daga Patan zuwa Magdala

A farkon ƙarni na 12 na Miladiyya, lokacin da Sarki Jayasimha Siddharaja yake mulkin Gujarat a yammacin Indiya, babban birninsa, wanda a yau ake kira Patan, ya yi suna da fatauci da kuma littattafai, kuma ɗayan ne yake ciyar da ɗayan. Da yawa daga attajiran garin mabiya addinin Jain ne, waɗanda suka ɗauki biyan ladan kwafar littafi a matsayin babban aikin alheri, saboda haka duk wanda fatauci ya yi wa kyau sai ya sa a rubuta littafi da sunan iyalinsa, ya kai ɗakin ajiya na wurin ibada. Waɗannan ɗakunan, da suke kira bhandar, sun bunƙasa a zamanin babban malaminsu Hemachandra, marubucin nahawu da ƙamus da tarihi, wanda ya zama mashawarcin Sarki Kumarapala, ya kuma rasu a wajajen 1172.

Littafin wancan zamani ba shi da ɗinki. A kan busasshen ganyen wata bishiya dangin giginya ake rubutu, ganye dogo siriri, a huda shi a tsakiya, a zura igiya ta ratsa warƙoƙin duka, a sa katako ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a ɗaure, sannan a naɗe da ƙyalle. Da takarda ta yawaita a Gujarat a ƙarni na 14, marubuta ba su sauya siffar littafin ba: sun ci gaba da yanka warƙa a kwance, har suna barin fili ko ɗigon jan tawada a inda hujin igiya yake a da, alhali kuwa igiyar kanta an daina sa ta. Tun daga nan nauyin riƙe littafi ya koma kan ƙyallen. Idan naɗin ya yi sako-sako, warƙoƙi sukan zame su cakuɗe, iska mai laima ta shiga tsakaninsu, tawadar da aka haɗa da ƙaro ta jiƙa, shafi ya manne da shafi. Wannan ne ya sa masu kwafa suka saba rufe aikinsu da gargaɗi a kan ruwa da mai da raunin ɗauri, kuma masu kula da ɗakunan suka saba cusa busasshen ganyen darbejiya da saiwoyi masu ƙamshi a cikin naɗin don korar ƙwari, suna fifita jan ƙyalle saboda imanin da suke da shi cewa ƙwari ba sa son sa.

Ƙyallen da ya fi sauƙin samu a kasuwannin Gujarat shi ne audugar da aka buga wa ado da hatimin katako, kuma a wannan sana'a babu ƙasar da ta kamo Indiya a lokacin. Auduga ba ta karɓar rini cikin sauƙi kamar ulu ko siliki. Ban da baba, yawancin launukan tsirrai sukan fita daga jikinta a wankin farko. Marinan Indiya sun gano maganin wannan tun zamani mai nisa, domin a kangon Mohenjo-daro, birnin da ya rayu fiye da shekara dubu huɗu da suka wuce, an tono guntun auduga mai alamar jan rini. Aikin yana tafiya ne mataki bayan mataki. Da farko a wanke yadin, a shanya a rana har ya yi fari, sannan a jiƙa shi a ruwan 'ya'yan wata bishiya mai ɗaci, wadda aikinta irin na bagaruwa ne a wurin majema. Bayan ya bushe, mai bugu ya ɗauki hatimin da masassaƙi ya fafe masa daga katako mai tauri, ya dangwala a cikin alif da aka dama da ƙaro, ya ɗora a kan yadin, ya naushe bayansa da hannu, ya ɗaga, ya matsa gaba, yana daidaita bakin kowane bugu da wanda ya gabace shi. Abin da ya buga ɗin ba launi ba ne, kusan ba ya ma ganuwa. Sai an tsoma yadin a tukunya mai zafi tare da saiwar rini, sannan wuraren da alif ya taɓa su kama ja, wuraren da aka buga ruwan tsatsar ƙarfe su zama baƙi, gaurayen biyun ya ba da ruwan ƙasa ko shunayya, sauran filin kuma ya koma fari bayan wanki. Shuɗi yana da tasa hanyar: a rufe inda ba a so ya kama da kakin zuma ko laka, a tsoma a rijiyar baba. Yadi ɗaya yakan sha wanki da shanya sau da yawa kafin ya kammala, don haka sana'ar ta zauna a bakin koguna, kuma ingancin jan kowane gari ya danganta da irin ruwan da yake da shi.

A 1299 rundunar Sarkin Delhi, Alauddin Khalji, ta ci Gujarat da yaƙi, Patan ta faɗi. Al'ummar Jain ta amsa wannan zamani na rashin tabbas da ɓoye dukiyarta ta ilimi a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da kuma garuruwan nesa. A ƙarni na 15 malaminsu Jinabhadra Suri ya kafa ɗakunan ajiya a wurare da dama, mafi shahara shi ne na Jaisalmer, a cikin hamadar Rajasthan, ƙarƙashin wani wurin ibada da ke cikin ganuwar birnin. Can aka adana wasu daga tsofaffin littattafan ganye na yammacin Indiya, ciki har da wanda aka kwafa a 1060. Littattafan sun tsira, amma mafi yawan ƙyallayen farko da suka naɗe su ba su tsira ba, kuma dalilin haka kulawa ce, ba sakaci ba. Kowace shekara, kwana biyar bayan bikin Diwali, mabiya Jain suna da ranar girmama ilimi da suke kira Jnana Panchami, wadda a cikinta ake fito da littattafai, a kakkaɓe ƙura, a duba ɓarna, a sauya naɗin da ya tsufa da sabo. Ƙyallen shi ne yake shan laima da haƙorin ƙwari a madadin rubutun, kuma idan ya gama aikinsa sai a yar. Haka damina da gara suka yi wa sauran tufafin ƙasar, har aka wayi gari Indiya, wadda ta tufatar da rabin duniyar da aka sani, ba ta da abin nunawa daga bugaggiyar audugarta ta ƙarnonin tsakiya sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Shaidar ta fito daga wata ƙasa dabam. Jiragen ruwa da ke tashi daga Kambay da sauran tashoshin Gujarat sukan bi iskar da ke juyawa sau biyu a shekara su isa Aden, daga nan kaya su shiga Bahar Maliya, a sauke a tashoshin Masar, a ɗora wa raƙuma zuwa Kogin Nilu, har su kai Fustat, garin da Amru ɗan Asi ya kafa a 641, wanda yanzu yake cikin tsohuwar Alƙahira. Talakawan Masar sun yi riguna da labule da shimfiɗu da wannan auduga mai araha, suka yi ta faci har ta ƙare, suka zubar a juji, busasshiyar ƙasar Masar kuwa ta riƙe abin da ƙasar Indiya ta cinye. A farkon ƙarni na 20 dillalan kayan tarihi a Alƙahira suka fara sayar da waɗannan tsummoki. A 1938 masani Rudolf Pfister ya wallafa nazari a Faransa yana nuna cewa asalinsu Indiya ne, kuma masanin tarihin Masar Percy Newberry ya tara fiye da guntu 1,200 na irinsu, waɗanda suka koma gidan tarihi na Ashmolean a Oxford. Da Ruth Barnes ta fitar da cikakken bayaninsu a 1997, gwajin kabon da ake auna shekarun abu da shi ya nuna cewa wasu sun kai shekara dubu, da yawa kuma na ƙarni na 13 zuwa na 15 ne.

A nan littafi ya fara rama wa ƙyalle alheri. Ɗaya daga adon da ya fi yawa a tsummokin Masar shi ne jerin dinya suna kewaya fure, kuma wannan adon ne masu zanen hotuna a littattafan Jain na Gujarat suka riƙa sa wa tufafin sarakuna da malamai a ƙarni na 14 da na 15. Tun da waɗannan littattafan suna ɗauke da shekarar kwafa da sunan gari, sai hoton da ke cikinsu ya zama hujjar inda aka buga yadin da lokacin da yake yayi. An kuma sami yadi mai irin wannan dinyar a tsibirin Sulawesi na Indunusiya, inda mutanen Toraja suka adana shi ƙarni bayan ƙarni a matsayin kayan gado, abin da ya nuna cewa maɗaba'un Gujarat suna sayarwa gabas da yamma a lokaci guda.

Amma hoton yadi dabam yake da yadin kansa. Wuraren da ainihin ƙyallen ya zauna tare da littafi, bai rabu da shi ba, su ne ƙasashen da suke yi wa littafi bangon katako suna manne yadi a cikinsa, kuma Armeniyawa suna sahun gaba a wannan. Tun ƙarnonin tsakiya mai haɗa littafi a gidajen ibadar Armeniya yakan rufe katako da fata ta waje, ya lulluɓe fuskar ciki da yadi domin katako da igiyoyin ɗinki kada su goge shafin farko da na ƙarshe. Littafin sarki ko na babban limami yakan samu siliki. Saura, waɗanda su ne mafiya yawa, sukan samu lilin ko auduga, sau da yawa guntun da aka yanko daga tsohuwar riga ko labulen coci. A 1604 Shah Abbas na Farisa, a cikin yaƙinsa da Daular Usmaniyya, ya kwashe mutanen garin Julfa daga bakin Kogin Aras ya zaunar da su a gefen Isfahan, a unguwar da aka sa wa suna Sabuwar Julfa. Daga wannan ƙaura ta dole wata babbar hanyar ciniki ta tashi: fataken Julfa suka kafa gidaje a Surat da Madras da Bengal ta gabas, da Venis da Amsterdam ta yamma, suna ɗaukar silikin Farisa da audugar Indiya. Bugaggen yadin Indiya ya cika kasuwannin Isfahan, masu bugu na Farisa da Anadolu suka kwaikwaye shi, asali da kwaikwayo duka suka shiga bangon littattafai. Marubutan Armeniya kuwa sun shahara da dogon bayani a ƙarshen kwafi, inda sukan faɗi shekara da gari da sarkin zamani da wanda ya biya kuɗi, wani lokaci har da wanda ya sake haɗa bangon. Saboda haka dubban littattafan da ke ɗakin ajiya na Matenadaran a Yerevan taska ce ta yadi mai ɗauke da kwanan wata, ko da yake waɗanda suka haɗa su ba su nufi hakan ba.

Habasha ta bi hanya makamanciyar wannan. A can a kan fatar akuya ko tunkiya ake rubuta harshen Ge'ez, a ɗinke tsakanin katako biyu, a rufe da jar fata mai ado, a lanƙwasa bakinta ciki, fili mai kusurwa huɗu da ya rage a tsakiya kuma a cike shi da yadi. Wasu littattafan ana ɗinka musu rigar auduga, a sa ƙananan labule a kan hotuna, sannan a ajiye su a jakar fata mai rataya da ake kira mahdar. Yaƙe-yaƙen Imam Ahmad ɗan Ibrahim, daga 1529 zuwa 1543, sun cinye coci-coci da littattafai masu yawa, don haka da Sarki Fasiladas ya kafa Gondar a matsayin babban birni a wajajen 1636, sai aka shiga dogon zamani na sake kwafa da sake haɗawa. Wannan ya zo daidai da lokacin da fataken Indiya suke zaune a Massawa da tashoshin Yaman suna shigo da yadi, shi ya sa bangon littattafan Gondar ya cika da audugar Gujarat mai ratsi da mai fure, gefe da gefe da silikin Farisa da na Sin da na Turkiyya. A gabas mai nisa ma, a Siyam da Sri Lanka, yadin da aka buga a gaɓar Koromandel ya naɗe littattafan ganye na addinin Buddha.

Yayin da wannan yake gudana, Turai ta shiga cinikin, kuma shigarta ce ta kawo ƙarshensa. Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya, da aka kafa a 1600, da na Holan, da aka kafa a 1602, sun fara sayen audugar ne domin musaya da kayan yaji a tsibiran Indunusiya, amma kafin ƙarshen ƙarnin matan Landan da Paris sun kamu da son yadin da ba ya zuba a wanki. Masaƙan ulu da siliki suka yi kuka, Faransa ta haramta bugaggiyar auduga a 1686, haramcin da ya daɗe har 1759, Ingila ta yi dokokinta a 1700 da 1721. Hanin ya tura Turawa neman sirrin sana'ar. A 1734 wani hafsan jirgin ruwan Faransa, Antoine de Beaulieu, ya bi aikin marina a Pondicherry mataki-mataki, yana yanke guntun yadi bayan kowane mataki, kuma a 1742 limamin Katolika Coeurdoux ya aika da nasa bayanin daga wannan garin. Ilimin da aka tara ta hanyoyi irin waɗannan, da kuma ta hannun Armeniyawan da suka zauna a Marseille, ya haɗu da injin Turai. A 1783 Thomas Bell ya yi rajistar injin bugu mai gangar tagulla, wanda yake zuba ado a kan yadi ba tsayawa, kuma cikin shekara hamsin hanyar kaya ta juya: yadin Lancashire ne yake sauka a tashoshin Indiya. Ya isa ko'ina, har Heinrich Barth ya tarar da yadin Manchester a kasuwar Kano a 1851, bayan ya ƙetaro Sahara a bayan raƙuma.

Shekarar 1868 ta haɗa abubuwa biyu da babu wanda ya ga dangantakarsu a lokacin. Ranar 13 ga Afrilu rundunar Ingila ƙarƙashin Robert Napier ta ci dutsen Magdala a Habasha, Sarki Tewodros na Biyu ya kashe kansa don kada a kama shi, sojoji suka washe littattafan da ya tattaro daga coci-cocin Gondar da sauran wurare. An yi gwanjon ganimar bayan 'yan kwanaki, kuma kimanin littafi 350 suka ƙare a Gidan Tarihi na Birtaniya, da bangonsu da yadin da ke ciki. A wannan shekarar ce kuma, a Berlin, masana kimiyya biyu, Carl Graebe da Carl Liebermann, suka haɗa a ɗakin gwaji sinadarin da ke ba saiwar rini janta. Cikin 'yan shekaru noman saiwar ya durƙushe, kuma a 1897 kamfanin BASF ya fito da baba na masana'anta, wanda ya bi gonakin baba na Indiya ya rusa, daga baya ya iso marinar ƙasar Hausa. Littattafan Magdala sun bar ƙasarsu ta hanyar ƙwace, kuma har yau Habasha tana neman a mayar mata da su. Yadin da suka ɗauko a bangonsu kuwa ya isa Landan a daidai lokacin da sana'ar da ta haife shi take mutuwa.

An daɗe kafin wani ya kula da shi. Malaman Turai na ƙarni na 19 rubutu suke nema. William Wright ya fitar da jerin littattafan Habasha na Landan a 1877, Georg Bühler da Hermann Jacobi sun samu shiga ɗakin Jaisalmer a 1874, kuma hankalinsu duka yana kan nassi da harshe da shekarar kwafa. Ɗakunan karatu da dama a wancan zamani sun ɗauki sauya tsohon bango da sabo a matsayin gyara, kuma abin da aka yi asara ta wannan hanyar ba zai dawo ba. Sai a ƙarni na 20 ido ya juya. A 1949 iyalin Sarabhai suka kafa gidan tarihin yadi na Calico a Ahmedabad, a 1953 Lydia Durnovo ta wallafa littafi a kan bugaggen yadin Armeniya wanda ya dogara da abin da ke bangon littattafai, a wajajen 1980 kuma Richard Pankhurst ya bi littattafan Habasha da ke Birtaniya ɗaya bayan ɗaya yana rubuta irin yadin da ke cikinsu da inda ya fito.

Wannan shaida tana buƙatar taka-tsantsan, kuma waɗanda suka ƙware a kanta sun san iyakarta. Yadin da aka manne a bango na asali ba zai kasance ƙanen bangon ba, amma yana iya girme shi da shekaru masu yawa, tun da daga tsohuwar tufa aka yanko shi. Idan an sake haɗa littafin daga baya, shekarar da ke ƙarshen kwafi ba ta ƙara yin magana a kan yadin. Naɗin da ba a manne ba kuwa ya fi kowanne rauni a matsayin hujja, domin yana iya tashi daga wannan littafi ya koma wancan. Duk da haka darajarsa babba ce, saboda fadoji da majami'u sun adana siliki da zinariya, amma yadin da manomi da matar ɗan kasuwa suka sa, wanda shi ne ya ɗauki nauyin cinikin Tekun Indiya, kusan ba shi da mafaka sai juji da littafi.

Sana'ar ba ta mutu gaba ɗaya ba. A Bagru da Sanganer kusa da Jaipur, da yankin Machilipatnam a gabas, har yanzu ana jin ƙarar hannu a bayan hatimi. A Kutch, iyalan Khatri na ƙauyen Dhamadka, Musulmi masu buga yadin ajrakh, sun koma ga rinin tsirrai a ƙarshen ƙarni na 20, kuma bayan girgizar ƙasa ta 26 ga Janairu 2001 da ta rusa ƙauyen, da yawansu suka kafa sabon mazauni kusa da Bhuj mai suna Ajrakhpur. A 2003 gwamnatin Indiya ta kafa hukumar ƙasa ta kula da littattafan rubutun hannu, kuma masu gyara na zamani sun fi son naɗe littafi da kwali marar sinadarin ci da sabuwar auduga wankakkiya. Wannan daidai ne ga lafiyar takarda, amma yana nufin ana kwance tsofaffin naɗi da yawa a zamaninmu fiye da kowane lokaci a baya.

Batun ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin littattafanmu na da, daga Sakkwato zuwa Kano da Katsina da Damagaram, su ma warƙoƙi ne marasa ɗinki, a cikin tadarishi, a cikin gafaka, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da tsohon zane a naɗe da su ko a shafe a cikin fatar. Iyalin da ke gyara gadon malaminsu, ko ma'aikacin da ke ɗaukar hoton warƙoƙi, ya kamata ya ba ƙyallen lamba ɗaya da littafin, ya ɗauki hotonsa gaba da baya, ya ajiye shi kusa ko da an sa sabo. Rarrabe iri ba ta da wuya ga mai haƙuri: zaren da aka kaɗa da hannu ba ya daidaita a kauri, bugun hatimi yakan bar ɗan gurbi ko hawa a inda bugu biyu suka haɗu, wannan aibin yana maimaituwa a tazarar faɗin katakon, alhali yadin injin ganga yana da siraran layuka masu tsabta da suke tafiya ba tare da mahaɗa ba.